Da Jiragen Sarkin Mali Sun Dawo, Da Yaya Kasuwar Pitowa Take?

Duk ranar Lahadi a kasuwar Pitowa, babu kalmar da ta kai "kuɗi" yawo a bakinmu. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tuna cewa asalinta jam'in "wuri" ne, shi kuwa wuri ɗan teku ne. Daga tsibiran Maldif da ke tekun Indiya ake kwaso shi, jiragen ruwa su ɗauko shi, sannan raƙuma su ratsa Sahara da shi.

Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna a Maldif, inda ya ga ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya na zinariya. Da ya zo Mali da Gawo a 1352 zuwa 1353, sai ya tarar wuri 1,150 kacal ne dinari. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa lissafi: ninki ya haura 300. Wannan rata kuwa ba mai tsibiri ne ya ci ba, ba mai saye ba ne, masu riƙe da hanya ne suka raba ta. Mu ma sai daga baya wurin ya iso mana, domin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa ne, wato tsakanin 1703 da 1731.

To, a nan ne wani tsohon labari ke sa mu tunani. A 1324 Mansa Musa ya yada zango a Alƙahira kan hanyarsa ta aikin Hajji, kuma malamin tarihi al-Umari ya rubuta abin da ya faɗa: sarkin da ya gada ya tura jirage 200 su gano ƙarshen tekun Atalantika, ɗaya tak ya dawo. Sai shi da kansa ya shiga da jirage 2,000, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mu ƙaddara sun dawo, sun kuma koyi bin gaɓar teku har bakin Kwara. Daga can ruwa ne miƙe zuwa Lakwaja, a shiga Binuwai, a wuce Yola, har inda Garwa take a yau. Da an samu haka, da sun riga Turawan Fotugal da kusan shekara 150, tun da su sai a 1471 suka iso gaɓar da ake kira Gana yanzu, suka gina ganuwar Elmina a 1482. Da gishiri da tufafi da wuri ta kudu za su riƙa shigo mana, mu ne a bakin hanya, Kano da Katsina su aiko fatake su saya a hannunmu.

Sai dai kada daɗin labari ya kwashe mu. Binuwai ba ta ɗaukar babban jirgi sai 'yan watannin damina, wannan kuwa ko Mansa bai isa ya canja ba. Kuma tekun da ya kawo haja shi ne ya kwashe bayi. Wa ya ce mu za a ƙyale?

Abin da ya faru a zahiri ya zo a makare, bai kuma daɗe ba. A 1854 Baikie ya hauro Binuwai da jirgin Pleiad. Daga baya tashar jiragen Garwa ta yi tashe, auduga da gyaɗa na gangarawa, gishiri da siminti na haurowa. Da dogo ya iso Ngaundare a 1974, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982, sai tashar ta yi sanyi.

Yau atamfar da muke shimfiɗawa a Pitowa har yanzu ta teku take zuwa. A sauke ta a Duwala, ta hau jirgin ƙasa, ta koma tirela. Ko ta biyo ta Legas da Yola. Kowane shinge da hannun da ke jira, ga kwastan, ga dillali, ga ɗan canji tsakanin naira da sefa. Kogin kuwa yana nan kusa da mu, da rani har yashinsa ake ɗiba.