Sanduƙin Tagulla Mai Buɗewa da Haruffa

A birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak, cikin gidan adana kayan tarihi da ake kira David Collection, akwai ragowar wani ɗan sanduƙi na tagulla wanda aka yi wa ado da azurfa da jan ƙarfe, wanda kuma maƙerinsa ya rubuta sunansa da shekarar da ya gama aikin a jikinsa, wato Muhammadu ɗan Hamidu al-Asɗurlabi al-Isfahani, shekara ta 597 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1200 zuwa 1201 na Miladiyya. Sanduƙin nan ba shi da kafar mabuɗi. Abin da ke kan murfinsa shi ne majuya huɗu, kowane ɗaya ninki biyu ne, ana kuwa iya tsayar da kowane ninki a ɗaya daga cikin matsayi 16 da aka yi wa alama da haruffan Larabci, ta yadda mutum ba zai ɗaga murfin ba sai ya tsayar da duka takwas ɗin a kan haruffan da maƙerin ya zaɓa. Wanda ya san hisabi, in ya buga 16 a cikin kanta sau takwas, zai sami 4,294,967,296, kuma wannan shi ne adadin fuskokin da za a iya jera haruffan. Da mutum zai zauna yana gwada fuska ɗaya cikin kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, da sai ya shekara 136 kafin ya ƙare su. Akwai ɗan'uwan wannan sanduƙi a birnin Boston na Amurka, aikin maƙerin nan dai, wanda ya girme shi da shekara huɗu.

Ba abin mamaki ba ne a ce mai wannan aiki maƙerin usɗurlabi ne, wato na'urar nan ta tagulla da malaman falaki suke auna tsayin rana da taurari a sama da ita, su fitar da lokutan salla, domin duk wanda hannunsa ya saba da raba da'ira kashi 360 ba tare da wani kashi ya ci haƙƙin wani ba, raba ta kashi 16 ba zai gagare shi ba. Kuma ba shi kaɗai ne ya yi wannan tunani a zamaninsa ba. A shekara ta 1206, a birnin Amid, wanda ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, Malam al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙawa, ya kammala littafinsa na na'urori 50, a cikin kashi na shida kuwa, na ƙarshe, ya bayyana yadda ake ƙera makullin sanduƙi mai buɗewa da haruffa 12, da zane da awo, don wanda ya zo bayansa ya iya maimaitawa. Tun kafin su da kusan shekara 350, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, sun wallafa a Bagadaza littafin na'urori wajen 100, galibinsu butoci da tuluna ne masu ruɗa mai kallo, irin butar da ke ƙin zuba ruwa ga wani ta zuba ga wani. Ashe ke nan ƙera abin da ke ɗaure wa mutum kai tsohon fanni ne, kuma malamai ba su ɗauke shi wargi ba.

Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da abu ɗaya, cewa irin wannan sanduƙi ba don ɓarawo aka yi shi ba, domin ɓarawon da ya zo da guduma ba ruwansa da hisabi, bal ma yana iya saɓa sanduƙin a kafaɗa ya tafi da shi duka. An yi shi ne don mai hankali wanda zai zauna da shi a hannu, yana juyawa yana sauraro, har ya gane abin da maƙerin ya nufa. Kacici-kacici ne da aka ƙulla da tagulla, kuma kamar yadda kacici-kacicin da ba shi da amsa zalunci ne ga wanda aka tambaya, haka nan wajibi ne ga maƙeri ya yi adalci: kada buɗewar ta bukaci ƙarfi, kada ta bukaci wuƙa ko wani makami daga waje, kada kuma ta zama ta sa'a tsantsa. A ganina, a nan ne aikin yake fita daga sana'ar makulli ya shiga fasaha.

To, yaya cikinsa yake? A ƙarƙashin kowane ninki na majuyi akwai ɗan faifan tagulla da ke juyawa tare da shi, an kuwa yanke giɓi ɗaya a gefen kowane faifai. A ƙarƙashin murfin kuma akwai wani falle da ke haɗe da mariƙi daga waje da sakata daga ciki, a jikinsa an dasa 'yan haƙora, ɗaya a gaban kowane faifai. Muddin faifai ɗaya tak ya juya wa haƙorinsa cikakken gefe, fallen ba zai motsa ba. Amma sa'ad da giɓa duka suka fuskanci haƙoransu a lokaci guda, sai haƙoran su sami hanya, fallen ya zame, sakata ta janye, murfi ya tashi. Asalin sirrin bai wuce haka ba, har yaro ma in an nuna masa zai fahimta. Wahalar tana wajen sa tagulla ta yi biyayya ga wannan tunani.

Wanda ya yi azamar ƙera irin wannan abu a yau, da hannunsa, ba da injin masana'anta ba, ba daga maƙera yake farawa ba. Daga takarda yake farawa, ya zana kowane ɓangare da girmansa, ya rubuta tartibin motsin da yake so, wane ne zai motsa da fari, wane ne zai ba wani hanya, sa'an nan ya yanka samfuri da kwali ko da katako mai laushi ya gwada, domin kuskuren da aka gano a kwali almakashi ke gyara shi, wanda aka gano a tagulla kuwa sau da yawa sai an sake narkawa. Shi kansa al-Jazari yakan yi samfuri da takarda kafin ya taɓa ƙarfe. Game da zaɓen ƙarfe kuma, galibin masu wannan aiki tagulla suke fifitawa, wadda gami ce ta jan ƙarfe da tutiya, saboda ba ta yin tsatsa irin ta baƙin ƙarfe da za ta cije sakata bayan damina ɗaya, tana karɓar magagari da sauƙi, tana narkewa a zafin da ya ɗan haura daraja 900, alhali jan ƙarfe zalla sai ya kai 1,085, kuma in ta goge da 'yar'uwarta takan yi santsi. Jikin sanduƙin ana iya zuba shi a cikin yashi, yadda al-Jazari ya siffanta zubin adon ƙofar fadar Amid a cikin rufaffun akwatunan yashi, ko a yi zubin kakin zuma, ko kuwa a yanka falle da zarto a lanƙwasa a liƙa. Mai narka tagulla dai ya yi a sarari inda iska ke kaɗawa, don farin hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi.

Amma inda rayuwar maƙeri take tafiya shi ne wajen magagari. Kowane ɓangare mai zamewa yana bukatar sarari tsakaninsa da gidansa, kuma wannan sarari shi ne mizanin gwaninta, domin in ya yi kaɗan ɓangaren zai cije, mai buɗewa ya zaci hanyar a toshe take alhali ita ce hanyar gaskiya, in kuwa ya yi yawa ɓangaren zai riƙa girgiza yana ƙara, ya tona asirin kansa tun kafin a tambaye shi. Sararin da ake nema bai fi kaurin silin gashi ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma ba a samunsa sai da haƙuri: a shafa wa ɓangaren baƙin fitila ko tawada, a zura shi a gidansa, a zaro, a duba inda baƙin ya goge, a ci wurin da magagari sau biyu ko uku kawai, a sake shafawa a sake zurawa, haka har ya shiga da nauyin kansa ya tsaya ba tare da rawa ba. Mai sassaƙa katako yana da rangwame, don itace yakan ɗan matsu ya yafe masa kuskure. Tagulla ba ta yafewa, abin da magagari ya ci kuwa ya ciwu har abada. Shi ya sa gwani yake barin kowane ɓangare da ɗan ƙari ya riƙa ragewa a hankali, shi ya sa kuma yake gama aikin ciki duka ya gwada shi sau da yawa murfi na buɗe kafin ya yarda ya rufe. Maƙerin da ya rufe sanduƙinsa a kan sakatar da ta cije, ba shi da mafita sai zarto.

Wuta ma tana da nata hukunce-hukuncen. Tagulla in aka yi ta dukanta da masaba takan yi tauri har ta tsage, sai a kai ta wuta ta yi ja kaɗan a bar ta ta huce, ta koma da laushinta. Amma wannan taurin da duka ke jawowa shi ne kuma maƙeri ke amfani da shi in yana son ɗan falle mai tankwaruwa ya dawo, wanda zai riƙe majuyi a kan harafinsa, saboda haka irin wannan ɓangare ba a kai shi kusa da wuta bayan an gama shi. Wajen liƙi kuwa ana farawa da sinadarin da ya fi jure zafi, a ƙare da mai saurin narkewa, don kada liƙi na biyar ya kwance na farko.

Sa'an nan a zo ga ado, wanda jahilin sana'a yake zaton kwalliya ce kawai. Maƙeran Hirat da na Mausil sun kai matuƙa wajen dasa azurfa a jikin tagulla, kamar yadda ake gani a bokitin nan na Hirat na shekara ta 1163 da ke gidan tarihi na Hermitage a Rasha, da butar da Shuja'u ɗan Man'a ya ƙera a Mausil a 1232, wadda ke Landan: a haƙa ɗan rami da bakin ƙarfe mai kaifi, a rarake gefensa ta ƙasa, a kwantar da zare ko fallen azurfa a ciki, a danne da masaba har gefen ya kama shi, a cike bayan zanen da baƙin abu don farin ya fito. Ga mai ƙera sanduƙin sirri, wannan ado mayafi ne. Layin da ke tsakanin ɓangare mai zamewa da jikin sanduƙi, wanda ido zai gani nan take a kan falle sumul, yana ɓacewa in aka sa shi ya bi gefen zane. Ƙusar da ke dannuwa tana ɓuya a cikin sahun ƙusoshi goma da ba sa dannuwa. Haƙiƙa na fi ganin girman sanduƙin da adonsa ke yi wa sirrinsa hidima, bisa ga wanda aka lafta wa azurfa don a ce ya yi tsada.

Haruffa ba su ne kaɗai hanya ba. Akwai masu sa 'yar ƙusa sakakkiya a cikin rami, wadda nauyinta ke tsare sakata har sai an kifar da sanduƙin ta faɗa gefe. Akwai masu sa ƙusoshi biyu ko huɗu masu fuskantar juna, ta yadda ko ta ina aka karkata shi ɗaya na tsare, sai an ajiye shi a ƙasa an wulwula shi su watse zuwa gefe gaba ɗaya. Na zamani kuma sun ƙara da maganaɗisu. Mutanen Hakone a ƙasar Japan sun yi suna tun ƙarni na 19 da akwatunan katako masu buɗewa ta zamar da allunan gefe bi da bi. Kusa da mu kuwa, maƙeran Abzinawa na Agadas da kewayenta sun daɗe suna ƙera kwaɗon da ake kulle jakar fata da shi, na baƙin ƙarfe da tagulla da jan ƙarfe, wanda a wasunsa kafar mabuɗi ɓoye take a bayan wani falle mai zamewa, wasu kuma sai da mabuɗi fiye da ɗaya, kowanne a kan layinsa.

Aiki na ƙarshe shi ne jarrabawa, kuma ba maƙerin ne zai yi ta ba, domin wanda ya san amsa ba ya iya ganin tambaya yadda baƙo ke ganinta. Sai ya miƙa wa wani wanda bai ga zanen ba, ya koma gefe ya kame bakinsa yana kallon yatsunsa. A nan ne aibin makullin haruffa yakan bayyana: mai wayo zai ja mariƙi a hankali da hannu ɗaya, yana juya majuyi da ɗayan, har ya ji ɗan sassauci a lokacin da giɓi ya zo gaban haƙori, ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe cikin sa'a guda abin da hisabi ya ce sai shekara 136. Maganin da masu sana'a suka samo shi ne su yanke giɓan ƙarya marasa zurfi a sauran matsayin kowane faifai, ta yadda haƙori zai ɗan faɗa a ko'ina, amma ba zai shige ba sai a wuri ɗaya. Wannan kuwa yana nufin maƙerin ya kwance faya-fayan nan takwas, ya koma kan magagari, ya yanke ƙarin giɓi 15 a gefen kowanne, 120 ke nan, duka da faɗi ɗaya da na gaskiyar.