Jel ɗin faranta haƙora a gida: mafi ƙarfi ba shi ne mafi kyau ba

A shagunan kayan kwalliya da kuma ta WhatsApp da TikTok, ana ta tallar jel ɗin da ke faranta haƙora cikin ƴan kwanaki. Mai saye yakan nemi wanda lambarsa ta fi girma, yana ganin shi ne zai fi aiki. Lambar nan ita ce ƙarfin maganin, kuma ita ce ke sa wasu kasa shan ruwan sanyi bayan kwana biyu.

Abin da ke faranta haƙorin sinadari ne da aka sani a farmasi da sunan « eau oxygénée ». Wasu jel ɗin shi suke ɗauke da shi kai tsaye, wasu kuma suna da ɗan uwansa, feroksid na karbamid, wanda ke narkewa a baki ya saki kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Wato karbamid mai kashi 10 cikin 100 daidai yake da kusan 3,5 na eau oxygénée, mai kashi 16 kuma ya kusa 6. Don haka kafin a kwatanta lambobi biyu, a duba wane sinadari ne aka rubuta a kwalin.

Sinadarin yana ratsa ɓawon haƙori ya wargaza launin da ya maƙale ciki. Amma ba ya tsayawa nan: cikin mintoci kaɗan yakan kai ga jijiyar da ke tsakiyar haƙori. Daga nan ne tsami da zogi suke tasowa, musamman in iska ko ruwan sanyi ya taɓa haƙorin. Yawan ƙarfin jel na ƙara wannan zogi, kuma in ya malalo kan dasashi yakan ƙona shi har ya yi fari.

Jel mai ƙarfi ya fi sauri, amma mai sauƙi ma yakan kai haƙori kusan wannan farin in aka ba shi lokaci. Tun 1989 likitocin haƙori biyu na Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana hanyar amfani da karbamid mai kashi 10 cikin kwanson roba da aka auna daidai bakin mutum, a kwana da shi na tsawon makonni.

A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2011 ta ce abin da ya wuce kashi 0,1 na eau oxygénée sai ta hannun likitan haƙori, iyakarsa kashi 6, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kwalin da ba a rubuta ƙarfinsa ba, a bar shi.

Ba kowane launi ne ke buƙatar jel ba. Jan goro da baƙin shayi da taba galibi a saman haƙori suke, likita na iya kankare su. Tabon da ruwa mai yawan fuliyor ke bari, kamar yadda aka gani a Tibiri kusa da Maradi, cikin ɓawon yake, sai likita ya duba kafin a taɓa. Haƙorin roba da cikon rami kuwa ba sa canza launi.

Mai ramin haƙori ko ciwon dasashi ya fara yin magani tukuna, mai ciki kuma ta dakata. In zogi ya taso, a huta kwana ɗaya ko biyu, a rage lokacin sa jel ɗin, a koma man goge baki na masu tsamin haƙori. Zogin yakan lafa cikin ƴan kwanaki. In ya ƙi, sai a je wajen likita. Lemun tsami da gawayi kuwa cinye ɓawon suke yi, kuma ɓawon haƙori in ya tafi ba ya dawowa.