Ɗaukewar Wutar Lantarki da Lalacewar Bayanai a Kwamfuta

Gabatarwa

Kwanakin baya wani ɗalibina mazaunin Babban Giji ya shigo ofishina ido jawur. Wata shida ya yi yana ƙidayar tsutsar sauro a magudanan ruwan Tarauni, yana adana sakamakon a ɗan filash. Ya kai shi wani shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, ana tsakiyar adana gyara sai janareta ya mutu. Da aka tayar, kwamfuta ta ƙi buɗe filash ɗin. Wannan maƙala za ta bayyana yadda hakan ke faruwa, da hanyoyin kauce masa.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

Mai karatu ya ɗauki faifan kwamfuta tamkar siton ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ga dilolin atamfa a jibge, ga kuma littafin da ke nuna inda kowace dila take. Haka kwamfuta ke yanyanka fayil, ta ajiye gutsattsarin a wurare dabam-dabam, sannan ta rubuta mazaunin kowane a wani jadawali. Ajiyewa da rubutawa ayyuka biyu ne, ɗaya na bin ɗaya. Idan wuta ta ɗauke a tsakaninsu, sai littafi ya saɓa da sito: kaya na nan amma ba a san inda suke ba, ko kuma littafi ya nuna wurin da babu komai.

Bugu da ƙari, domin sauri, kwamfuta takan riƙe abin da aka ba ta a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM kafin ta sauke shi a faifai. Ita kuwa wannan ƙwaƙwalwa da wuta take rayuwa. Wuta na ɗaukewa, abin da ke cikinta ya tafi.

Dabarar masana

Tsohon tsarin jadawali, wato FAT, wanda kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro a 1977, ba shi da kariya daga wannan matsala, kuma jikokinsa FAT32 da exFAT su ne a kan yawancin filash da katin waya har yau. Tsarin NTFS na 1993, da ext3 na Linux na 2001, sun zo da dabara: kafin su taɓa jadawali sai sun rubuta niyyarsu a wani ƙaramin kundi. Idan wuta ta dawo, kwamfuta ta duba kundin, ta ƙarasa aikin ko ta warware shi. To amma a lura, galibi jadawalin wannan dabara ke tsarewa. Shafin da ake cikin rubutawa yana iya salwanta.

Hanyoyin rigakafi

Na farko, a haɗa kwamfutar tebur da na'urar UPS. Amfaninta shi ne ta ba da 'yan mintoci a adana aiki a kashe na'ura bisa ƙa'ida. A riƙa gwada batirinta, domin zafin bazara irin na Kano yana rage masa kwana.

Na biyu, kada a yi aiki kai tsaye a kan filash. A kwafe fayil zuwa kwamfuta, a gama, a mayar.

Na uku, kada a fizge filash sai an ba kwamfuta umarnin cirewa, domin lokacin ne take sauke abin da ta riƙe.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a imel.

Idan kuwa ɓarna ta riga ta auku, kada a yarda da tayin fomat, kada kuma a ƙara adana komai a kai. A kai wa masani ya fara kwafe faifan baki ɗaya, domin manhajar gyara irin su CHKDSK takan daidaita jadawali ne ko da za a rasa wasu gutsattsari.

Kammalawa

Abin da ya ceci ɗalibin nan shi ne littafin da yake rubuta ƙidayarsa da biro a bakin magudana. Sai da ya yi mako uku yana sake shigar da alƙaluman. Kwafi ɗaya a imel, aikin minti biyu, da ya hutar da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.