Ranar Wankan Tsohuwar Golf a Fagam

Da aka idar da sallar asuba, kawuna bai koma ɗaki ba. Ya sa yara suka jero jarkoki huɗu na ruwa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya fito da garin sabulu, da soso, da tsohon buroshin haƙori, da tsummokaran da aka yage daga wata rigar da ta mutu. Motar tana tsaye a inda aka ajiye ta daren jiya: Golf 3 ce, wadda ya sayo a hannun wani direba bayan ya sayar da riɗinsa da raguna biyu. Launinta na asali kore ne, amma sai ka goge ƙura da yatsa kafin ka yarda.

Irin wannan motar an fara ƙera ta a Jamus a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano. Ke nan ƙirarta sa'ar jihar ce. Ta gama aikinta a Turai, aka loda ta a jirgin ruwa, wataƙila ta sauka a Kwatano kamar dubban 'yan'uwanta kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017. Daga nan ta yi ta sauya hannu har ta iso Fagam, a Ƙaramar Hukumar Gwaram, can kusa da iyakar Bauchi. Mutanen da suka girme mu suna tuna lokacin da ma'aikacin gwamnati ke karɓar Peugeot 504 sabuwa fil daga kamfanin Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yau talakan Fagam ko 'yar Beljiyam ta fi ƙarfinsa. Abin da yake iya kaiwa gare shi shi ne ta hannu, wadda ta riga ta sha wuya a hanyoyinmu.

Na ɗauka da jiki za a fara. Kawu ya ce a'a, daga ciki. Aka kwance kujerar baya, aka ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga tarihin motar a fili: ƙwayoyin gero da dawa, ɓawon gyaɗa, busasshen ɓarin goro, kashin awaki, da wata 'yar ƙaramar sheƙa ta tsumma da soso a lungun but. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sheƙar. Motar da ke dakon hatsi zuwa kasuwar Sara ko Babaldu, in ba a share ta, ɓera ne ke tarewa a cikinta, shi kuwa ɓera ba ya tsayawa a kan gero, har rigar waya yake ci. Muka bi wayoyin da ke tafiya fitilun baya da hannu, muka sami wurare biyu da jan ƙarfen ya fito tsirara. Dalilin da ya sa fitilar birki ba ta kamawa ke nan, kuma dalilin da ya sa wanda ya sayar da ita ya naɗe fiyus da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Wannan dabara ta fi ɓeran haɗari. Aikin fiyus shi ne ya ƙone don waya ta tsira. In aka hana shi ƙonewa, wutar a jikin mota take tashi. Kawu ya cire takardar ya jefar, ya naɗe wayoyin da salatif, ya ce a rubuta fiyus a cikin abin da za a sayo.

Wanki irin wannan, a ganina, shi ne binciken farko da mai tsohuwar mota zai iya yi da kansa ba tare da ya biya kowa ba. Hannun da ke riƙe da soso yana jin abin da ido ya tsallake. A haka muka gane cewa ƙananan hujojin da ke ƙasan ƙofofi, waɗanda ruwan sama ke fita ta cikinsu, laka ta toshe su, shi ya sa gefen ƙofar direba ya fara kumbura da tsatsa. Aka zura tsinke aka buɗe su. Ƙarƙashin motar kuwa tsatsar tsohuwa ce, tun daga can ta taho da ita, domin a ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuma ya ci ƙarfe. Yaran suka kankare da burushin ƙarfe, aka shafe da baƙin mai da ya gama aiki.

Da hantsi bakanike ya iso a kan babur, yaronsa a baya da buhun sufanu. Suka gaisa da Kawu, ya tambayi gida da gajiyar hanya, sannan ya ce, "Alhaji, a buɗe mana bonet mu ga lafiyarta." Kan batir ya yi farin gari kamar an barbaɗa masa toka. Ya sa aka kawo ruwan zafi daga cikin gida, ya zuba, ya cuɗa da buroshin haƙorin, ya ɗaure, ya shafa girisi. Ya zaro matatar iska ya buga ta a jikin bishiya, ƙurar hunturun bara da ta bara waccan ta tashi. Ya kwance fulogai huɗu ya jera su a kan tsumma: uku ruwan ƙasa-ƙasa, na huɗu baƙi ƙirin yana naso. Ya ɗaga shi ya nuna wa yaronsa ba tare da ya ce komai ba, yaron ya gyaɗa kai. Haka ake karatu a wannan sana'a.

Inda aka ɗan yi ja-in-ja shi ne lagireto. Da aka kwance tiyon ƙasa, ruwan da ya fito ja ne kamar na kududdufi. Shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura mata, shi kuma yana barin tsatsa da dauɗa a cikin siraran hanyoyin, har injin ya riƙa zafi a kan hawa. An kuma riga an cire mata abin nan da ke tsare ruwa sai injin ya ɗumama kafin ya sake shi. Bakaniken ya ce ai kowa cirewa yake yi, an yi shi ne don ƙasar sanyi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma na faɗa masa. Injin da ba ya kaiwa zafin da aka ƙera shi a kai ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, tun ma ba da sanyin safiyar hunturu ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da mota ta sha a banza daga cefanen gida aka ɗebe ta. Kawu ya saurare mu duka biyu, ya ce a wanke lagireton yau, shi kuma wancan a sa shi a lissafin saƙon Kano.

Wannan lissafin shi ne wahalar zama nesa da birni. Fiyus da ƙwan fitila da man birki ana iya samu a Gwaram ko Birnin Kudu. Abin da ya wuce haka sai an ba direban da zai shiga Kano ya biya ta Ƙofar Ruwa, a haɗa shi da tsohon ƙarfen a leda don kada a kawo wanda bai dace ba. Kwana biyu ko uku mota na tsaye tana jira. Don haka mutanen nan ba sa zubar da komai: a but ɗin kowane direba za ka tarar da noti da kusa da guntun waya da robar tsohon tif.

Mai faci ne ya zo a ƙarshe. Ya nuna wa Kawu lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin gaba da sauran ƙwari, amma ɗaya ta baya ta haura shekara goma, gefenta duk ya tsattsage ko da yake zanenta bai siɗe ba. A nan ne na ga fuskar Kawu ta sauya. Wannan motar ba don kasuwa kaɗai ya saye ta ba. A unguwar, in naƙuda ta yi gardama da tsakar dare ko maciji ya sari wani a gona, ƙofar mai mota ake bugawa, a kama hanyar asibitin Gwaram, wani lokaci har Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Ya ce a sauke tayar, motar ba za ta hau kwalta da ita ba, ko da za ta yi mako a kan dutse.

Kafin la'asar an ɗauraye jiki, an tsane shi da tsumma, koren ya fito, tare da tabon duk wani karo da ta taɓa yi. Bakaniken ya murza makulli, ta kama a bugu ɗaya, rawar da take yi jiya ta ragu sosai. Ya sa yaronsa ya tsaya a baya, ya taka birki. Yaron ya ɗaga murya: "Oga, ta dama ta kama, ta hagu ce dai shiru." Kawu ya zaro takardarsa daga aljihu, ya ƙara ƙwan fitila ɗaya a ƙasan fiyus da taya.