Roddy Doyle: Marubucin Da Ya Shigar Da Maganar Talakawan Dublin Cikin Adabi

An daɗe ana muhawara kan ko maganar leburori da 'yan unguwa ta cancanci shiga littafin adabi yadda take, ba tare da an yi mata kwaskwarima ba. Marubucin ƙasar Ireland, Roddy Doyle, yana cikin waɗanda suka nuna a aikace cewa ta cancanta.

An haifi Doyle a birnin Dublin a 1958. Ya taso a unguwar Kilbarrack da ke arewacin birnin, inda daga baya ya koyar da Turanci da labarin ƙasa a makarantar sakandare.

Da kansa ya ɗauki nauyin buga littafinsa na farko, The Commitments, a 1987. Labari ne na wasu matasa 'ya'yan talakawa da suka kafa ƙungiyar kiɗan soul na baƙar fatar Amurka, domin suna ganin ƙuncin rayuwarsu ya yi kama da na masu kiɗan.

Galibin littafin hira ce, an rubuta ta kamar yadda ake furta ta a bakin titi, har da ashar da barkwanci, waƙa kuma tana ratsa ta. Marubucin bai tsaya yi wa mutanensa tafinta ba, ya bar su su yi magana da bakinsu.

Wasu sun soki yawan ashar ɗin, amma an mayar da littafin fim a 1991. A 1993 kuma Doyle ya lashe kyautar Booker da littafinsa Paddy Clarke Ha Ha Ha.

A 2009 ya shiga cikin kafa cibiyar Fighting Words a Dublin, inda yara ke koyon rubuta labaransu kyauta.