Tunawa da Ali Javan da Matsalar Kalmar “Mita” a Hausa

Wannan takarda za ta waiwayi aikin marigayi Ali Javan (1926–2016), masanin fiziya haifaffen Tehran, saboda wata matsala da aikin nasa ya tono mana a fagen ƙirƙirar kalmomi.

Bahaushe ya daɗe yana awo da jikinsa. Har yau a kasuwar Wunti ta nan Bauchi akan ji kamu, da taƙi, da gaba, amma kamun dogo daban yake da na gajere. Turawa ma sun sha wannan wahala, shi ya sa a 1889 suka ajiye sandar ƙarfe kusa da birnin Faris, suka ce tsawonta shi ne mita. Sanda kuwa takan miƙe da zafi, ta tsuke da sanyi.

A watan Disamba 1960, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Javan da William Bennett da Donald Herriott suka haɗa lezar farko mai aiki da iskar gas, wato hiliyam da niyon, wadda haskenta ba ya yankewa. Hasken leza launi ɗaya ne tak, kuma igiyoyinsa tafiya suke a jere, don haka ana iya auna shi. A 1967 Javan da ɗalibansa a MIT suka ƙirga sau nawa igiyar leza ke kaɗawa a sakan guda. A 1972 Kenneth Evenson da abokansa suka ninka yawan kaɗawar da tsawon zangon igiyar, sai saurin haske ya fito. A kan wannan aka sake fayyace mita a 1983: nisan da haske ke ci, inda babu iska, cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan.

To, a nan gizo ke saƙar. Lissafin ya dogara ne ga bambanta tsawon zango da yawan kaɗawa, alhali Hausar rediyo ta haɗe su. Can da, idan mai gabatarwa ya ce “mita 31 a gajeren zango”, tsawo yake nufi, kuma ya yi daidai. Da tashoshin FM suka zo sai aka ci gaba da cewa “mita kaza”, ga shi kuwa lambar ta megahaz ce, wato kaɗawa miliyan kaza a sakan. Ɗalibin da ya tashi da wannan Hausa, yaya za a fahimtar da shi cewa ana ninka “mita” da “mita” a sami sauri? A ganina a bar wa tsawo “mita”, ɗayar kuma a kira ta “yawan kaɗawa”, ko da ta yi wa masu shela nauyi a baki.