Yadda ake raba takardar PDF shafi-shafi

Idan ka taɓa neman gurbin karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ko ka cike fom ɗin neman aiki ta intanet daga Shinkafi ko Zurmi, wataƙila ka gamu da wannan. Ka kai takardunka shagon kwamfuta an ɗauki hotonsu: sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, takardar JAMB. Mai shago ya haɗe su wuri guda cikin PDF ɗaya ya turo maka ta WhatsApp. Da ka zo ɗorawa, sai ka tarar kowace takarda da gurbinta daban. Ba sai ka sake biyan kuɗin mota ka koma shagon ba, wayar hannunka ta isa.

Mene ne PDF?

Wani nau'in fayil ne, wato takardar da ke ajiye cikin waya ko kwamfuta. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da shi a 1993. Abin da ya sa makarantu da ma'aikatu suka fi son sa shi ne ba ya sauya kama: yadda ya fito a wayarka haka zai fito a kwamfutar ofishin rajista. Fayil ɗaya na iya ɗaukar shafi ɗaya, yana iya ɗaukar ɗari, kamar littafin da aka ɗinke.

In na raba, takardar asali za ta lalace?

A'a. Kwafi ake cirewa. Tsohon fayil ɗinka yana nan yadda yake, sai dai ka samu sababbi ƙanana a gefensa.

Yaya ake yi?

Akwai shafukan intanet da wannan ne aikinsu. Waɗanda aka fi sani su ne iLovePDF, da Smallpdf, da na Adobe kansa. Ba sai ka saukar da wata manhaja ba. Buɗe Chrome, shiga ɗaya daga cikinsu, nemi inda aka rubuta "Split PDF", nan ne wurin rabawa. Ka zaɓi fayil ɗin daga wayarka, ka jira ya hau. Za ka ga shafukan a jere, ƙanana-ƙanana.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Ko dai kowane shafi ya fita shi kaɗai, ko ka ce daga shafi kaza zuwa shafi kaza. Na biyun ya fi amfani idan takarda ɗaya tana da gaba da baya, don kada su rabu. Ka danna maɓallin rabawa, ka sauke abin da ya fito.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Idan shafukan sun wuce ɗaya, sukan zo a ɗaure cikin fayil mai suna ZIP, wato ƙunshi. Ba ƙunshin za ka ɗora ba. Ka buɗe shi a manhajar ajiyar fayiloli ta wayarka, ka danna "Extract", shafukan su fito. Sannan ka sauya wa kowanne suna, kamar "haihuwa" ko "neco", don kada ka sa takardar haihuwa a gurbin sakamakon jarrabawa.

Nawa ake biya?

Rabawa irin wannan kyauta ce, data kawai za ka kashe, sau biyu: wajen ɗorawa da wajen saukewa. Kyautar tana da iyaka, ko ta girman fayil ko ta yawan aikin da za ka yi a rana, kuma wasu sukan ce sai ka yi rajista da imel. Idan aka nemi lambar katin bankinka don raba shafi biyar, ka fita ka gwada wani shafin.

Ina takarduna suke zuwa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita aka fi mantawa. Yawancin waɗannan shafuka ba a cikin wayarka suke aikin ba. Fayil ɗin yakan tafi kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, a raba shi a can, a dawo maka da shi. Kamfanin iLovePDF a Basalona yake, ƙasar Sifen. Smallpdf kuma a Suwizalan. Dukansu suna cewa suna goge fayil bayan sa'a ɗaya ko biyu, amma kai ba ka da hanyar tabbatarwa, yarda kawai ka yi. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, sai dai bin haƙƙi a kan wani shafin da ba a san mai shi ba abu ne mai wuya.

A ganina, littafin darasi ko jadawalin jarrabawa ba matsala. Amma takardar da ke ɗauke da lambar NIN, ko BVN, ko bayanan asusun banki, ko sakamakon asibiti, gara kada ta bar wayarka. Da irin waɗannan bayanai 'yan damfara ke karɓar bashi da sunan mutum.

To yaya zan yi ba tare da intanet ba?

Akwai hanya, kuma mutanen Zamfara na cikin masu buƙatarta sosai. Ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu sabis. Ko yanzu, a ƙauyuka da dama sai an nemi tudu kafin a samu sabis.

A wayar Android, buɗe fayil ɗin, danna ɗigo ukun da ke sama, zaɓi "Print". Kada sunan ya dame ka, ba bugawa za ka yi ba. A inda ake zaɓen na'urar bugawa, ka zaɓi "Save as PDF", ka cire alamar da ke kan shafukan da ba ka so, ka ajiye. Haka za ka maimaita ga kowace takarda. Ya fi cin lokaci, amma ba data, kuma babu wanda ya ga takardunka. A kwamfuta ma haka ake yi ta Chrome.

Na raba, amma an ƙi karɓa

Galibi nauyi ne. Shafukan rajista sukan ƙayyade girman fayil da ma'aunin KB ko MB, kuma MB ɗaya ya kai kimanin KB 1,000. A shafukan da muka ambata akwai "Compress PDF", mai rage nauyi. Bayan ka rage, ka buɗe ka duba ko suna da lambar jarrabawa suna karantuwa. Idan kuma hoto aka nema, wato JPG, to PDF ba zai shiga ba komai ƙanƙantarsa, sai ka juya shi da "PDF to JPG".